Takardar Tuhuma Ga Hasken Da Ya Makara

Idan ana lissafin mutanen da suka tallafe duniya don kada ta kife, dole a fara da Yallaɓai Daraktan Mulki na Cibiyar Nazarin Sararin Sama. Masanan cibiyar suna da tasu 'yar bajintar, ba wanda ya hana su, amma iyakar aikinsu su ɗaga kai su kalli sama. Yallaɓai kuwa shekara talatin da biyar yana aiki bai taɓa ɗaga kai ba, ko da mai gaisuwa ne ya shigo ofishinsa. Sama a wurinsa wani sashe ne da ba ya ƙarƙashinsa, don haka ba ya shiga harkarta. Abin da ke ƙarƙashinsa shi ne fayil, da jan biro, da hatimin cibiya mai mariƙin katako, wanda yake kullewa a durowa ya jefa makullin a aljihun gaba, daidai saitin zuciya.

Saboda tsabar ƙauna ma'aikata suka laƙaba masa Dawo-Gobe. A bayan idonsa suke faɗa, don sun san shi da kunya, kada yabon ya yi masa yawa. Sunan kuwa da guminsa ya same shi. Kowace irin takarda ka kai masa, ta hutu ce ko ta gyaran famfo, zai juya ta gaba da baya, ya auna nauyinta a tafin hannu, ya ja dogon numfashi, sannan ya ce, “Sai an duba. A dawo gobe.” An ce akwai wata mai shara da ta nemi hutun haihuwa, takardarta ta fito ranar da ta sa ɗan a makaranta.

Adalcinsa bai tsaya kan mutane ba. Agogon bangon zaure ya taɓa makara da minti biyar, aka rubuta masa takardar tuhuma aka manna masa a fuska, mako biyu ba wanda ya san ƙarfe nawa. Fankar ɗakin taro ta sami tata saboda surutu a lokacin aiki. Da masana suka roƙi a riƙa barin ƙofa a buɗe bayan an tashi, wai taurari ba sa fitowa da rana, ya amsa musu a rubuce cewa wannan matsalar taurari ce, ofis ƙarfe huɗu ake rufewa.

Amma duk cikin ayyukansa babu wanda yake taƙama da shi kamar Doka ta Bakwai. A zauren cibiyar akwai bango da ake rataye hotunan shugabannin da suka yi ritaya. Dokar ta ce ba a rataye hoton kowa sai an rufe duk fayil ɗin da ya buɗe, kuma ba a rufe fayil sai amsa ta zo a rubuce. A makonsa na farko a kujerar darakta ya kafa ta, kuma ina rantsuwa ba don kowa ba ne, illa dai ta faɗa daidai kan tsohon daraktan da ya gada, wani mutum mai yawan fara'a wanda har masu gadi suka yi kukan tafiyarsa. Wannan bawan Allah ya taɓa buɗe fayil a kan wani shuɗin bokiti da ya ɓata, yana tambayar inda yake. Ba a ga bokiti ba, don haka babu amsa. Shekara tara ke nan hotonsa yana sito, fuskarsa tana kallon bango.

Shi kuwa Yallaɓai saura mako uku ya yi ritaya, kuma mutum mai tsari ba ya jiran ranar. Ya riga ya ɗauki hoton, da kwat da biro a hannu, an sa masa firam mai ruwan zinariya. Ya sa kafinta ya kafa ƙusa a tsakiyar bangon, ya tsaya a kansa da ma'auni har sai da ta ɗara ta sauran shugabanni da yatsa uku. Kowace safiya kafin ya shiga ofis sai ya tsaya ya goge ta da hankici. Teburinsa fes, babu buɗaɗɗen fayil ko ɗaya, don tun wata shida ya daina buɗewa.

A daidai wannan lokaci Dakta ta shigo rayuwarsa. Siririyar mace ce mai tabarau, masaniyar taurari, irin mutanen da shayinsu ke hucewa a gefen kwamfuta su shanye ba su lura ba. Shekara uku tana nazarin wani ɗigon haske a cikin hotunan da aka ɗauko daga can ƙuryar sama. Tana buƙatar a ba ta lokaci a wani katafaren madubin hangen nesa da ke kan dutse a wata ƙasa, wanda masana daga ko'ina ke layi a kansa. Takardar neman ta cika, saura hatimin cibiya, kuma wa'adin ranar Alhamis ne ƙarfe huɗu. Idan ya wuce sai baɗi, kafin baɗi kuwa wasu masanan da su ma suka hango ɗigon za su riga ta, shekara ukun ta tafi a banza.

Ranar Litinin ta kai takardar. Ya auna ta a tafin hannu, ya ce a dawo gobe.

Ranar Talata ta dawo, ta yi kuskuren da masu ilimi kan yi: ta ɗauka idan ta yi masa bayani zai gane. Ta ajiye masa hoton a kan tebur, baƙin fili da wani curi kore a tsakiya.

“Wa ya zubar da tawada a kan takardar hukuma?” in ji Yallaɓai.

Ta ce ba tawada ba ce, ranka ya daɗe, gajimare ne na iskar gas, haidirojin, yana ƙyalli a can nesa inda ido ba ya kaiwa. Launin koren ma a kwamfuta aka sa masa don a iya ganinsa.

“Wa ya amince da kore? Launin cibiyar nan ruwan ƙasa ne. Sannan kin ce gas. A buɗe yake? Wa ya bar shi a buɗe?”

Nan take ya danna ƙararrawa. Baba Masinja ya shigo, wani dattijo mai furfura da ya girmi ginin cibiyar, aka umarce shi ya ɗauko tukunyar kashe gobara ya ajiye a ƙofar ofishin Dakta, ya kuma manna sanarwar hana shan taba. Dakta ta ci gaba da bayani. Ta ce rana da duk taurarin da muke gani suna cikin wani babban gungu guda ne, mai taurari fiye da a ƙirga, to wannan gajimaren ya ninka gungun namu a faɗi sau da yawa. Fuskar Yallaɓai ta canza. Ba ya son jin labarin wani babba da bai zo ya gaishe shi ba.

Ta ce abin da ya sa take son madubin shi ne a cikin gajimaren ana ganin alamun sababbin gungun taurari suna haɗuwa. Gas ɗin yana curewa, taurari suna kunnuwa a ciki da yawan gaske, ana kuma zaton haskensu ne yake sa gajimaren ƙyalli. Duk wanda ya leƙa wurin tamkar ya ga yadda gungu irin namu yake tun yana jariri.

“Wato aiki ne da ba a kammala ba,” in ji Yallaɓai, yana gyara zama, don an zo fagensa. “Akwai takardar izinin farawa?”

“Ikon Allah ne, ranka ya daɗe.”

“Ban musa ba, Dakta. Ni mai imani ne. Amma ko ruwan sama ne ya sauka a harabar nan, sai an shigar da shi a littafi.”

Da ta tsaya a nan da wataƙila ta tsira. Sai son ilimi ya ja ta, ta ƙara da cewa abin mamakin ma shi ne hasken da ke cikin hoton nan ya baro gajimaren tun kimanin shekara biliyan goma sha ɗaya, sai yanzu ya iso gare mu. Yallaɓai ya cire tabaransa a hankali ya ajiye. Mutumin da ya tuhumi agogo a kan minti biyar yau an kawo masa makarar shekara biliyan goma sha ɗaya har kan teburinsa.

“Sai yanzu ya iso,” ya maimaita. “Ta wace ƙofa ya shigo? Ya sa hannu a littafin zuwa aiki?”

Dakta ta ce haske ne fa, ranka ya daɗe, kuma babu abin da ya fi shi sauri a duk halitta, tafiyar ce da nisa.

“Haka kowane makararre yake faɗa. Ya yi sammako, hanya ce ta yi nisa. Na ji wannan daga direba, na ji daga akawu, ban taɓa karɓa ba. Ki bar min hoton. A dawo gobe.”

Da ya koma gida da yamma ya tarar da uwargidansa a falo tana goge masa kwat ɗin da zai sa ranar bikin sallama. Mace ce mai magana a tsanake, shekara talatin tana neman izinin canza labulen falo ba a gama dubawa ba. Ba ta ko ɗago ba ta ce, “Baban yara, Yaya ya ce zai zo bikin. Ka san shi an sa sunansa a ɗakin karatun makarantar da ya shugabanta, har da allon dutse. Kai bayan hoton nan, da me za a riƙa tuna ka?” Yayan matar nan tasa shekara da shekaru yana tsaye masa a maƙogwaro, shi da allon dutsensa. Ya zaro hoton koren curin daga jaka ya daɗe yana kallo, har abincinsa ya huce. Ɗakin karatu dai ɗaki ne, ana iya auna shi da taku. Wanda ya ladabtar da abin da ya ninka gungun taurari fa, ina za a sami allon da zai ɗauki sunansa?

Ranar Laraba da safe aka tara ma'aikata kaf a ɗakin taro, aka kashe fanka don kada ta sake jawo wa kanta. Yallaɓai ya miƙe, ya dafa tebur da hannu biyu.

“'Yan uwa ma'aikata, tun da aka fara aikin ofis a bayan ƙasa ba a taɓa samun sakaci irin wanda na gano jiya ba. Na ce na gano, domin Dakta shekara uku tana kallon abin nan ba ta ga laifin ba, ni minti goma ya ishe ni. Wannan shi ne bambancin karatu da gogewa. Idan muka ƙyale haske ya zo lokacin da ya ga dama, gobe direba zai ce shi ma haske ne. Wasu shugabannin sun bar ɗakunan karatu, Allah ya ba su lada, littafi kuwa gara tana ci. Ni zan bar tarbiyya a sararin sama. Kafin na bar kujerar nan, sai sama ta san akwai hukuma.”

Aka tafa, saboda littafin sa hannu yana gabansa. Ya juya wajen Uwar Fayil, matar da ke kula da ɗakin ajiyar takardu, ya ce ta buɗe sabon fayil da sunansa. Uwar Fayil mace ce mai jiki da ƙaramar murya, wadda ta haddace dokokin Yallaɓai fiye da shi kansa, kuma ba ta taɓa karya ko ɗaya ba. Ta ɗan matso ta ce, “Ranka ya daɗe, da sunanka? Na ga saura kwana kaɗan, ga kuma Doka ta…”

“Ni za ki koya wa dokata? Awa ashirin da huɗu zan ba shi. Kafin Litinin an rufe.”

Ta ce to, ta buɗe. Aka koma ofishinsa, ya yi shifta a tsaye, yana kai da komo, ita tana bugawa:

“Zuwa ga Hasken Gajimaren Gas. An lura cikin takaici cewa ka baro wurinka tun shekara biliyan goma sha ɗaya da suka wuce, amma ba ka bayyana a wannan cibiya ba sai kwanan nan, ba tare da izini ko takardar asibiti ba. An kuma lura ka zo da launin da ba na cibiya ba. Ka bayyana a rubuce, cikin awa ashirin da huɗu da samun wannan takarda, dalilin da zai hana a ɗauki mataki a kanka.”

Ya zaro makulli daga saitin zuciya, ya ɗauko hatimi, ya buga har tebur ya amsa. Dakta tana tsaye a gefe da tata takardar a hannu, tana kallon hatimin ya wuce ta gabanta ya koma durowa. Ta yi ƙarfin hali ta miƙa. Ya ce yau ranar ladabtarwa ce, ba ranar buƙatu ba, a dawo gobe.

Ranar Alhamis, ranar wa'adi, matsala ta kunno kai daga inda ba a zata ba. An ba Baba Masinja takardar ya kai. Ya hau kekensa ya je gidan waya, aka tambaye shi adireshi, ya nuna sama, aka ba shi ruwa ya sha aka ce ya je gida ya huta. Ya dawo wajen sha ɗaya ya ajiye wa Yallaɓai ita. Yallaɓai ya hasala, ya rufe ƙofa, ya ce ba zai ga kowa ba sai an samo hanyar isar da saƙon hukuma.

Dakta ta zauna a kan benci a ƙofar ɗakin fayil, tana duba agogo. Tsoro ne ya cika ta, da haushin kanta, don ta san bakinta ne ya jawo. Ta tuna shekara uku, da bukukuwan 'yan uwa da ba ta je ba, da mahaifiyarta da ke tambayarta kullum ko an gama kallon ɗigon. Hawaye ya taru a bayan tabarau. Uwar Fayil ta fito da kofin shayi ta miƙa mata.

“Ƙanwata, sha tun da zafi. Kin bi mutumin nan ta ilimi kwana uku, me kika samu? Tukunyar kashe gobara. Ba a bin sa ta nan. Ki nemo abin da fayil ɗinsa yake buƙata, ki zama ke ce abin.”

Dakta ta shanye shayin da zafinsa, karo na farko a tarihin cibiyar. Sannan ta goge tabarau ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar Yallaɓai, ta ce ta samo masinjan da zai kai takardar.

Da ƙarfe uku, rana tana tsakar dukan mutane, aka hau saman benen cibiyar. Yallaɓai ne a gaba da kwat, yana haki a kowace matakala, Uwar Fayil a baya da littafin aika saƙo. Dakta ta duba wata taswira a wayarta, ta nuna wa Baba Masinja wani gefe na sama, ta ce ya buɗe takardar ya ɗaga ta da hannu biyu, rubutun yana kallon can. Ta yi bayani cewa hasken rana idan ya bugi takarda yana komawa, wani daga cikinsa ya miƙe sama ɗauke da siffar abin da ya taɓa. Ba ta yi ƙarya ba ko kaɗan, iyaka dai ba ta faɗi ko akwai mai iya karantawa ba.

“Wato ɗan uwansa za mu aika masa,” in ji Yallaɓai. “Hakan ya yi. Su ji kunyar junansu. Baba, miƙe hannu sosai, saƙon hukuma ba ya tafiya a karkace.”

Don ya tabbatar saƙon ya kama hanya, sai Yallaɓai ya yi abin da bai yi ba a shekara talatin da biyar. Ya ɗaga kai. Wuyansa ya yi ƙara har Uwar Fayil ta waiga, hularsa ta faɗi ta gangara wajen tankin ruwa. Ya tsaya baki buɗe yana kallon shuɗin fili daga wannan gefe zuwa wancan. Na so a ce wani abu ya motsa a zuciyarsa, kuma na ɗan lokaci kamar zai motsa.

“Duk wannan fili,” ya ce, “babu ko allon sanarwa.”

Uwar Fayil ta rubuta a littafi cewa an aika da ƙarfe uku da minti ashirin. Baba Masinja ya sauke hannu yana murza kafaɗa, ya ce a duk aikinsa bai taɓa kai saƙo da sauƙi haka ba. Sai Dakta ta matso, ta ce saura abu ɗaya, ranka ya daɗe. Idan gajimaren ya amsa, da haske zai amsa, kuma babu abin da zai iya ganin amsar sai katafaren madubin nan na kan dutse. Ga takardar neman izinin leƙawa, hatimi kawai take jira.

Aka sauko ofis. Yallaɓai ya karɓi takardar da ya kora sau uku, ya karanta ta kamar yau ya fara ganinta. Ya zare jan biro ya rubuta a gefe: “Domin bibiyar amsar tuhuma.” Ya auna ta a tafin hannu. Ya ja dogon numfashin nan da kowa ya sani, leɓensa ya fara haɗa kalmar da ya saba. Agogon bangon zaure da ake hangowa ta ƙofa, wanda tun da ya sha tuhuma bai ƙara makara ba, ya nuna huɗu saura kwata.

“Ranka ya daɗe,” in ji Uwar Fayil ƙasa-ƙasa, “in aka kai gobe, makararren zai ce hukuma ma ta makara.”

Yallaɓai ya zabura. Ya zaro makulli, ya ɗauko hatimi, ya huhhura masa iskar baki saboda tawadar ta riga ta bushe, ya buga. Dakta ta fizgi takardar ta fita da gudu, ta yi tuntuɓe da tukunyar kashe gobara a ƙofar ofishinta, ta tura saƙon saura minti shida. Ta kifa kai a kan tebur ta yi kuka ta yi dariya, ba ta san wanne ya fi yawa ba. A duk wannan hidima babu wanda ya tambaye ta kwana nawa takardar tuhumar za ta yi a hanya, ita kuma ta koyi daina amsa tambayar da ba a yi mata ba.

Ranar bikin sallama zaure ya cika. An jera kujeru, uwargida tana sahun gaba, yayanta yana gefenta yana murmushin mai allon dutse. Hoton Yallaɓai yana jingine a ƙarƙashin ƙusa, an lulluɓe shi da farin ƙyalle. Yallaɓai ya yi jawabi na awa ɗaya da rabi, inda ya bayyana cewa shi ne ma'aikaci na farko da hukuncinsa ya fita daga duniya, kuma a halin yanzu, yayin da yake magana, sa hannunsa yana keta sararin sama. Ya kira mataimakinsa da zai gaje shi, mutumin da ya yi shekara tara yana koyon aiki a gefensa, ya damƙa masa hatimi da makulli a gaban jama'a. Aka tafa. Kafinta ya yaye ƙyalle ya ɗaga hoton.

Sai aka ji ƙaramar murya daga baya. Uwar Fayil ce, a tsaye da littafinta.

“A yi haƙuri, ranka ya daɗe. Doka ta Bakwai. Akwai fayil ɗaya a buɗe da sunanka, amsa ba ta zo ba.”

Kafinta ya tsaya da hoto a sama. Yallaɓai ya yi dariyar manya, ya ce ai awa ashirin da huɗu ya bayar, ta wuce tuni. Uwar Fayil ta ce takardar cewa ta yi awa ashirin da huɗu daga samu, kuma babu shaidar an samu. Ya juya wajen Dakta ya tambaye ta, a gaban kowa, yaushe saƙon zai isa.

Dakta ta miƙe cikin ladabi. Ta ce a mafi ƙaranci shekara biliyan goma sha ɗaya zuwa, wasu goma sha ɗaya dawowa, ban da awa ashirin da huɗun. Ta ƙara da cewa wannan in ya isa ke nan, domin wurin kullum ƙara nisa yake yi.

Yayan uwargida ya yi tari a cikin hankicinsa, tarin ya daɗe. Yallaɓai ya ce to abu mai sauƙi, a kawo fayil ɗin ya janye tuhumar, ya yafe wa hasken. Ya kai hannu aljihun gaba, ya ji wayam. Ya dubi sabon darakta. Sabon darakta ya karɓi fayil ɗin daga hannun Uwar Fayil, ya juya shi gaba da baya, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya ja dogon numfashi. Duk wanda ya gani ya san an koyar da shi aiki da kyau.

“Sai an duba, ranka ya daɗe. A dawo gobe.”

Uwargida ta tashi ta kama hannun mijinta ta ce, “Zo mu tafi gida, Baban yara.” A hanya ta sanar da shi cewa ta canza labulen falo tun da safe.

Bayan wata biyu amsa ta zo wa Dakta, an ba ta lokaci a madubin kan dutse. Ta tafi ta leƙa gajimarenta, ta ga sababbin gungun taurari guda biyu suna haɗuwa a cikinsa, ta dawo ta rubuta rahoto. A ƙarshen rahoton ta ƙara layi ɗaya don fayil, cewa an duba, amsa ba ta iso ba tukuna. Uwar Fayil ta saka shi a ciki, ta rubuta da fensir a bangon fayil ɗin: “A sake kawowa bayan shekara biliyan ashirin da biyu.” Yallaɓai yana zuwa duk Litinin ya tambaya. Ana ba shi benci da shayi.

Hoton kuwa tun ranar bikin aka ba Baba Masinja ya kai sito. Firam ɗin ya yi faɗi, wurin ya yi kaɗan, dole ya janye wata tsohuwar kabad don ya sami inda zai jingina shi. A bayan kabad ɗin, cikin yanar gizo, ya ga wani shuɗin bokiti. Baba mutum ne mai bin ƙa'ida. Ya rubuta a takarda cewa ga inda bokiti yake, ya sa hannu, ya kai wa Uwar Fayil. Ta duba ta ga amsa ce, kuma a rubuce take, ta rufe fayil ɗin shekara tara. Washegari aka fito da hoton tsohon darakta mai fara'a, aka kakkaɓe masa ƙura, aka duba bango aka ga ƙusa ɗaya ce tak babu kowa a kanta, gogaggiya tana sheƙi. Yana nan a rataye har yau yana yi wa masu shigowa murmushi, kuma albarkacin ma'aunin Yallaɓai ya ɗara sauran shugabanni da yatsa uku.